Wasiƙun Jaye da Mushe Mumuni

Ruga kusa da Gangara, watan Disamba

Zuwa ga Mushe Mumuni, kamar yadda ƴan lakol ke kiranka, malamin makarantar boko ta Cadakori.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Salima da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Waya kuwa ka san yadda ciwon nan ya nauyaya mini harshe, ko Asta matata sai ta kalli bakina take gane magana.

Na dawo daga Yamai. Sun ɗauke ni cikin binciken sabon maganin. Likita ya sake bayani, Mansura mai jinyar da ke kula da mu ta maida mini da Hausa. Ta ce ciwonmu, siklerozi, garkuwar jiki ce ke ɓare rigar jijiyoyi. Mu talatin ne. Rabi sabon magani, rabi tsoho, kuma ba wanda ya san nashi, har likitan. Sau biyu aka ɗaura mini ruwa, sai kuma bayan wata shida. Suna sa ni tafiya a baranda suna kallon agogo. Suna sa ni jera ƴan itace tara cikin ramuka, kamar dara.

Na ga gadon da ka kwanta bana kusa da nawa. Kai ka ji labarin binciken nan, kai ka cika mini takardu. Da Mansura ta ce kai ba a ɗauke ka ba, abinci bai ciwu gare ni ba ranar.

Allah ya ba mu lafiya gaba ɗaya.
Ɗan'uwanka, Jaye

Cadakori, 9 ga Janairu

Malam Jaye,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso ta hannun Sule direba. Muna lafiya gwargwadon hali, muna gaida Asta.

Ina taya ka murna. Dalilin da ya sa ba a ɗauke ni ba ba ɓoyayye ba ne: analiz, gwajin jinina, ya nuna ƙwayar ciwon hanta, kuma maganin na iya tada ta. Na fahimci ƙa'idar. Ni na karanta maka ita shafi bayan shafi, ranar da kake tambayata ko allurar za ta hana ka shan nono.

Wata huɗu na yi ina bin labarin binciken nan. Na rubuta wa likita sau uku. Sunanka na ƙara a ƙarshen wasiƙa ta uku, layi ɗaya, don na ji tausayin yadda kake jan ƙafa. Ba gori nake yi ba, yadda abin ya faru nake faɗa.

Kada ka yi saurin murna. Wataƙila tsohon maganin aka ba ka.

Ni hannun dama ya fara sakin alli. Darakta ya karɓe ajina ya ba wani, ya ce in zauna buro, ofishinsa, in riƙa kula da rajista.

Ka huta lafiya.
Mumuni

Ruga, ƙarshen watan Mayu

Mushe,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Labarin hannunka ya dame ni. Ina yi maka addu'a.

Ni dai alhamdu lillahi. Ko sabo ne ko tsoho, wata biyar ke nan ciwon bai taso ba. Ran kasuwar Gangara da ƙafata na tafi, sanda kawai. Na tsaya a kara har azahar, na sayar da tunkiya da bakina, mai saye bai ce in maimaita ba sai sau ɗaya. Asta ta yi ta dariya a hanya. Shanu sun yi arewa da ƙanena, amma na ce masa baɗi da ni za a tafi.

Ga wata takarda na haɗo maka. Daga Yamai aka aiko ta hannun majo, babban mai jinya na likitar Gangara, don sun neme ni a waya ba rezo, kira ba ya shiga. Na gane lamba 14, sauran Faransanci ne. Ina jin ranar komawa ce suka canza. Ban ba majo ya karanta ba, dangin Asta sun cika wurin, kuma har yau cewa suke iskoki ne suka taɓa ni. Kai ka san sirrina. Ka faɗa mini watan.

Miyetti, na gode.
Jaye

Cadakori, 2 ga Yuni

Jaye,

Na samu saƙonka, na ji daɗin labarin kasuwa. Takardar ta ce ka je ranar 14 ga Yuli, da safe, kada ka ci abinci kafin a ɗebi jini. Zan ajiye ta nan wurina kada ta ɓace maka.

A gaida Asta.
Mumuni

Yamai, 16 ga Yuli

Mushe Mumuni,

Assalamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto maka, Asta ce za ta kai wa Sule in ta sauka Maradi.

Na zo ran 14 kamar yadda ka ce. Mansura na ganina ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Malam Jaye, ina ka shiga? Wata guda muna nemanka." Na ce ai yau ce ranar. Ta ɗauko irin takardar da na aiko maka, ta ɗora yatsa, ta ce, "Wannan juin ce, Yuni. Yuli ta fi ta tsawo a rubuce." Ta rubuta mini su biyun a bayan hannunta.

Ban faɗa maka ba, tun farkon watan nan idona na hagu ya fara hazo, kamar an shafa masa toka. Na yi shiru ina jiran ranar. Likita ya sa ni cikin na'urar hoton kai, ya ce ciwon ya taso. Na tambaye shi ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, yana iya zama shi, yana iya zama ba shi ba. Ya ce na wuce kwanakin da binciken ya yarda da su, sai ya kai maganata gaban kwamitinsu, su ce ko in ci gaba ko a cire ni. Yanzu maganin ido suke ba ni, kwana biyar.

Ya tambaye ni wa ya karanta mini takardar. Na ce ni na karanta, na kuskure.

Mushe, shekara sha tara kana koyar da Faransanci. Na yi ta neman yadda za a ce idonka ne ya gaza, amma ka ga maganar abinci da jini, su ƙananan rubutu ne. Ina tambayarka ne kawai.

Jaye

Cadakori, 21 ga Yuli

Ɗan'uwana Jaye,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata.

Idona bai gaza ba. Na ga juin, na rubuta maka Yuli.

Ranar da wasiƙarka ta kasuwa ta zo, Salima ce ta ɗaure mini maɓallin riga da safe, don yatsuna sun ƙi. Na je buro na zauna, ina jin muryar wanda aka ba ajina ta bango, yana koyar da darasin da ni na tsara. Sai na buɗe takardarka, na karanta ka tsaya a kara har azahar. Na karanta wurin ya fi sau biyar. Na ce a raina: ni na san sunan ciwon nan da yadda yake aiki, ni na nemo binciken, shi ko sunan bai iya faɗa daidai ba, ga shi yana tafiya kasuwa matarsa na dariya. Ban so ka makance ba, Allah shaida. So na yi ka dawo inda nake, mu zama daidai kamar bara da gadajenmu ke jere.

Bayan na ba Sule wasiƙar akwai kwana goma sha biyu da zan iya gyarawa. Kowace safiya nakan ga motarsa a tasha. Ran 14 ga Yuni na san kujerarka na can ba kowa, na je na cika rajista.

Jiya na rubuta wa likita. Na gaya masa ba ka kuskure ba, ni na yaudare ka da gangan, na sa sunana da sa hannuna, na haɗa masa takardar. Na roƙe shi ya nuna wa kwamitin. Na karanta wa Salima kafin in rufe. Ta ajiye mini abinci, ta koma ɗaki.

Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema. Ka sanar da ni halin idon.

Mumuni

Ruga, watan Agusta

Mushe,

Wa alaikumus salam. Mun dawo gida, gero ya fara fidda kai.

Kwamitin ya ga takardarka. Sun bar ni cikin binciken, an ɗaura mini ruwan. Idon hagu yana ganin haske da inuwar mutum, fuska ba ya rabewa. Likita ya ce a jira wata shida, abin da bai dawo ba a lokacin da wuya ya dawo.

Ya tambayi hannunka. Ya ce ciwon hanta ana riƙe shi da magani, kuma akwai abin da za a iya ba ka ko ba cikin bincike ba. Ya nemi lambarka. Asta, da ta dawo jinyata, ta taɓa ni ta ce in ce ba ni da ita. Na ba shi.

Maganar gafara, na duba raina ban same ta ba tukuna, kuma ba zan rubuta abin da babu ba. Kada ka aiko wasiƙa yanzu. In na ga yadda idon ya tsaya, ni zan rubuto.

A gaida Salima da yara.
Jaye