Injin da Na Dafa a Hoto

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, ramar da ka gani a hoto ba ta ciwo ba ce.

Ka ce ka ga hotona a tallar makarantarmu, har za ka sayar da babur ka turo Auta karatu nan. Kar ka fara! Ni kaɗai ne baƙo a ajinmu, shi ya sa kullum suke jawo ni gaban kyamara, wai makarantar kowa da kowa ce. Injin da na dafa a hoton ina murmushi, ranar kaɗai na taɓa shi. Ana gama hoto aka kulle ɗakin injin, amma duk zango sai mun biya kuɗinsa. Marasa kunya!

Allah ya ba Inna lafiya. Ka riƙe babur ɗinka, shi ko ba komai ana hawa.

Ƙaninka