Ni Ce Na Ɗauki Wayar, Baba

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Yaya ƙafar Mama? Ƙanena Eli ya gama tonon doya? Ni lafiya lau nake a Legas, sai dai tsayuwar jiran mota, ita ma na fara sabawa.

Baba, aikin ofis da na ce muku ina yi, amsa waya ne a kamfanin layin da kuke amfani da shi, ɓangaren masu jin Hausa. Ranar Talata da kuka kira kuna ƙorafin ƙarin kuɗin kira, ni ce na ɗauka. Tun daga tarinku na gane ku.

Kuka ce, "Yarinya, layinku kaɗai ke kamawa a Kagoma. Da gwamnati ta kawo mana wani, da tuni na canja. Ina da 'ya a Legas, yanzu sai ranar Lahadi nake iya jin muryarta."

Ana sauraron duk abin da muke faɗa, ni kuma ina tsoron kora. Sai na sake murya, na maimaita abin da aka koya mana, wai hukuma ce ta amince da ƙarin, a yi haƙuri. Kuka ce, "Ba laifinki ba ne, Allah ya yi miki albarka."

Ku gafarce ni. Daga yau ni zan riƙa kira. Ku dai hau tudun bayan coci da yamma, inda layin ya fi kamawa. A gaishe da Mama da Pasto Ishmael.

'Yarku,
Doreen