Maɓallin da Na Danna wa Yaya

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar Umma? Ya Anti, ya kuma hannun ɗanmu?

Bayan haka, gidan rediyo ya dakatar da ni daga aiki jiya. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamiti.

Na san kana fushi, kwana huɗu ba ka ɗaga wayata. Umma ta ce kana faɗin wai ƙanwar da ka goya ta toshe maka baki duniya na ji. A shirinmu na kiran waya, muryar mai kira tana zuwa kunnena daƙiƙa bakwai kafin ta fita gari, kuma maɓallin yankewa a gabana yake. Da ka ce rufin aji ya rufta wa yara uku har da ɗanka, na bar ka. Da ka ce shekara biyu kuna kai kuka, na bar ka. Da ka fara kwatanta gidan shugaban makaranta, layi da launin ƙofa, kana cewa matasa su je su same shi, na danna. Akwai yara a gidan nan, Yaya. Gobe ka sake, in sake.

Amma ba a kanka aka dakatar da ni ba. Bayanka wata uwa ta kira, ta yi minti huɗu tana jero wasiƙun da iyaye suka aika ofishin ilimi, kowace da ranarta. Ba zagi, ba ƙage. Manaja ya leƙo ta gilashi yana yanka wuyansa da yatsa, wai in yanke ta. Na naɗe hannuwana. Yanzu takardar dakatarwar da ya ba ni ta ce na bari an ci mutuncin jami'in ilimi. Ƙarya ce tsagwaronta! Mai kiran tarzoma da mai faɗin gaskiya ba ɗaya ba ne, kuma ya fi ni sani.

Na nemi faifan shirin, aka ce na'ura ta lalace. Shekara shida ba ta taɓa ko tari ba sai ranar.

Kullum muna yi maka dariya don kana naɗar shirin a wayarka duk ranar da ka kira, ka ji muryarka. Yau na janye dariyar.

A gaida Umma da kyau.

Taka har kullum,
Auta

Ƙari: Anti ta ce ta ga ka naɗi shirin ranar har ƙarshe, kuma tana jin ba ka goge ba duk da fushin. Ita ma ba ta duba wayar ba tukuna.