Na ce wa mijina ba shi Allah ya kira ba

Gaisuwa gare ku masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Don Allah a ɓoye sunana. Kafin ku fara yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan, ku daure ku kai ƙarshe tukuna, domin duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina, har da wanda ya fi shi zafi.

Ni nas ce a wani asibiti a nan Doha, ƙasar Qatar, muna zaune a unguwar Al-Sadd da mijina da 'yarmu ɗaya. Zan kira shi Baban Salama, ko da yake ba sunan yarinyar ke nan ba. Aikinsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, rabin rayuwarsa a kan rufin gidajen mutane take. Shi mai sanyin hali ne, ni kuwa bakina ba shi da linzami, kowa ya shaida. A nan ranar Juma'a muke zuwa sujada, ba Lahadi ba, kuma in an tashi mu 'yan arewa mukan koma gefe mu yi waƙa da addu'a da Hausa. Shi ke jagorantarmu a da. In ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya fara bayani, har masu saurin kama motar komawa gida sukan tsaya.

Shekara biyar da suka wuce ya je hutu gida, ya ziyarci tsohon faston da ya yi masa baftisma, Baba Fasto muke ce masa. Tsohon yana riƙe da wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauyen bayan dutse, ƙarfinsa ya fara ƙarewa, kuma babu wanda ya yarda ya je can. Da mijina ya dawo sai na ga ba ya cin abinci sosai. Ran nan da safe ina goge kayan aikina ya ce, "Maman Salama, tun da na baro ƙauyen nan wani abu ya riƙe zuciyata ya ƙi saki. Ina ji Ubangiji yana kirana in koma in yi masa aiki a can." Na yi dariya na ce, "To Fasto, a sa mana albarka." Bai yi dariya ba, sai na gane da gaske yake.

Dole in faɗa muku abin da ya sa maganar ta tsorata ni. Ni 'yar mai bishara ce, a irin wannan ƙauyen na tashi. Na san gidan da ake jiran masu bi su kawo kwanon dawa kafin a ɗora tukunya. Na ga uwata tana share majami'a, tana dafa wa baƙi, tana sasanta faɗan matan zumunta, zane biyu gare ta duk duniya. Ranar da ciwo ya kayar da ita ruwa ya cinye hanya, a kan babur aka ɗauke ta, ba ta kai asibiti ba. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma a bakin kabarinta na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa zama matar fasto ba. Saboda ita na karanta aikin jinya. Yanzu bayan na sha wuya na fito, mijina zai ɗauke ni ya mayar da ni inda na baro? Ya ɗauki 'yata ya kai ta can? Mijina ya san uwata ta rasu, amma wannan alkawarin ban taɓa faɗa masa ba.

A ikkilisiyarmu ba a karɓar mai aure aikin bishara sai an ji ta bakin matarsa, domin dattawa suna cewa kiran na gida ne gaba ɗaya. Baba Fasto ya ce mu yi azumi da addu'a kwana uku, ni da shi, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji. Mijina ya yi. Lokacin zafi ne, irin zafin Doha da ke sa mutum ya ji kamar an buɗe masa murhu a fuska, yana hawa rufi yana sauka, ko ruwa ba ya sha sai shida ta yi. Ni kuwa, kunya nake ji in rubuta, amma zan rubuta. Ina isa wurin aiki nake shan shayin karak da shawarma a ɗakin hutu, in kuskure baki, in dawo gida ina tafiya a hankali kamar mai jin yunwa. Ko sau ɗaya ban tambayi Allah komai ba. Tsoro nake ji kada in tambaya ya ce mu tafi.

Rana ta uku da yamma ya riƙe hannuna ya ce, "Me Ubangiji ya ce miki?" Allah ya sani, abin da na shirya faɗa shi ne mu ɗan jira. Amma da na ga yadda idonsa ke haske, na gane jira ba zai hana shi ba. Sai na ce na yi mafarki, na gan shi tsaye a ƙofar majami'ar ƙauyen an rufe ta, wata murya ta ce ba shi aka kira ba, tausayin tsohon ne kawai ke damunsa. Har kuka na yi ina faɗa. Kukan na gaske ne, mafarkin ne ƙarya. Sai ya ce, "Na gode wa Allah da ya ba ni mace mai jin muryarsa." Washegari ya kira Baba Fasto ya ba shi haƙuri.

Na ɗauka khalas, magana ta ƙare, zai yi baƙin ciki na wata biyu ya warware. Ashe na kashe wani abu a cikinsa ban sani ba. Ya ci gaba da zuwa sujada, amma ya bar jagorancin zumuntarmu ta 'yan arewa, ya koma kujerar baya. Waƙar da yake yi in yana wanka ya daina. Komai ya taso a gida, ko canja makarantar yarinya, ko sabunta kwantiragi da kamfaninsu, sai ya ce, "Maman Salama, tambaya mana, ke ake amsa wa." Ni da ban iya durƙusawa minti biyar ba tare da ƙaryar nan ta faɗo mini a rai ba, ni ce na zama annabiyar gida. Wane irin hukunci ne ya fi wannan?

Kwanakin baya wata ƙanwa a zumuntarmu, nas ce ita ma, ta same mu bayan sujada ta ce tana jin kira ta koma gida ta yi aiki da marayu, tana neman shawararsa. A gabana ya ce mata, "'Yar'uwa, ki yi hankali da abin da zuciya ke faɗa. Ni ma na taɓa ji, na tabbata kamar yadda na tabbata da sunana, ashe ba Allah ba ne. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kunnena ba." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta tafi. Ƙaryata ta wuce gidana ke nan, ta shiga rayuwar wata. A mota na ce masa, "Haba Baban Salama, ai bai kamata ka karya mata gwiwa ba." Ya ce, "Gara ta ji da wuri. Da ba don ke ba, da yanzu ina can ina riƙe da tumakin da ba a ba ni ba."

Makon jiya Baba Fasto ya sake kira. Idonsa ya tafi, jikarsa ke karanta masa nassi yana wa'azi, masu bi sun ragu. Na ji muryarsa ta waya yana cewa, "Ɗana, ni dai har yau kai nake gani in na yi addu'a. Ko dai ku sake tambaya?" Da ya ajiye wayar, mijina ya juyo ya ce mini, "Ki yi azumin, ni ba zan yi ba, ba ni da abin da zan ji. Duk abin da aka ce miki shi za mu bi." Ya yi wa tsohon alkawarin amsa ranar Juma'a mai zuwa.

Jama'a, ina cikin baƙin ciki, kuma har yanzu ina tsoron ƙauyen nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Zan iya cewa an sake ce mini a'a, in ƙarasa shi. Zan iya ƙirƙiro sabon mafarki in ce yanzu ƙofa ta buɗe, mu tattara mu tafi, asirina a rufe, amma zai tafi ne a kan maganata, yana wa mutane wa'azi alhali ya gaskata shi Allah bai taɓa yi masa magana ba. Abin da zai mayar masa da kunnensa guda ɗaya ne, in zaunar da shi in ce, Baban Salama, daidai ka ji tun farko, ni ce na yi ƙarya da sunan Allah, na cinye maka shekara biyar. In na faɗa, ban sani ba ko zai ƙara iya kallon fuskata.

Yau kwana na biyu ina azumi, na gaske wannan karon, kuma abu ɗaya kawai nake ji, in faɗa masa. Gobe da yamma zai dawo daga aiki ya tambaye ni abin da Ubangiji ya ce. Me zan yi?