Goron Gwanja

Kurfi, daren Juma'a, 1958

Sani ya dawo hutu daga makaranta da sabon ilimi. Na fasa goro zan yi wa kakanninmu fatake addu'a kamar kullum, sai ya ce, "Baba, littafinmu ya ce kafin zuwan Turawa ba mu san fatauci ba."

Ni da na gudu daga elemantare a aji biyu, ina ni ina musu da littafi? Amma na ce, "To Malam, jakunan da suka kai kanwa Gwanja suka ɗauko goro tun ana gina ganuwar Katsina, tikitin jirgi suka yanka?"

Uwarsa ta yi dariya, shi ya ɗaure fuska. Gobe ma zan fasa goron, kuma shi zai ja mana fatihar, ko littafin ya yarda ko bai yarda ba.