Fukar Nana da Sanyin Alhaji

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki, ya iyali, ya ruwan Ikko? Muna lafiya, in ban da Nana, ɗiyar ƙanwarmu.

Fukarta ta tashi. Likita ya ce jiki na da abin da ke kwantar da kumburin hanyar numfashi da kansa, amma hayaƙi ya fi ƙarfin nata. Ubanta Alhaji kuwa, tun da kwangilar soja ta kai shi sabon gida a unguwar Minanata, tagogi a rufe, na'urar sanyi a kunne, turaren wuta ba ya mutuwa, don baƙi su shaida.

Na ce ya buɗe taga. Wai, "Haba Yaya, sanyin zai fita!"

Ka sa Nana a addu'a, ka gaida yara. Sanyin Alhaji dai yana nan lafiya.

Ƙanwarka,
Asabe