Duna a Shagon Yaya Zailani

Asabar, 1 ga Sha'aban 1421

Bismillahi. Wannan littafin Alƙalin Alƙalan Kabo ne, da Gwarzo, da duk gonakin da ke tsakaninsu. Wanda ya buɗe shi ba izini bulala arba'in ce, ko da ƙanwata Ummu Hani ce, musamman ma ita. Tun da aka ce da azumi za a fara Shari'a kowa ya zama malami a garin nan, har Datti mai shayi yana yanke hukunci yana fifita wuta. To ni ma na naɗa kaina.

Ƙara ta farko: Duna, baƙin kare mai farin tabo a ƙirji. Karnuka biyu aka tsinta a unguwarmu makon nan, an ba su guba a tuwo, ba a san mai yi ba. Kotu ta yanke a riƙa kulle Duna a shagon Yaya Zailani da ke ƙofar gida, daga fitar Alƙali wurin faci har ya taso da la'asar. Kada Baba Malam ya ji. Sharaɗinsa tun farko ɗaya ne: kare ya tsaya bayan gida wajen rumbu, ran da ya taka ɗaki ya bar gidan.

Lahadi, 2 ga Sha'aban

Duna ya shiga ba gardama. Ya wuce ya kwanta daidai inda Yaya yake jingina in yana jin rediyo.

Damina biyu ke nan da tafiyar Yaya. Da mai ya yi tsada aka rufe injin niƙan da yake yi wa aiki, ya ce zai bi masu tafiya Libiya. A tasha ya miƙo min igiyar Duna ta tagar mota, ya ce, "Riƙe min shi har in dawo. Kar kuma ka koya masa iskancinka." Wasiƙa ɗaya ta zo daga Agadas. Daga nan shiru.

Kafet ɗin ɗakin kore ne, a kasuwar Gwarzo ya saya da kuɗin gyaɗarsa, a kansa ya ɗauko daga mota yana taƙama. In mutum ya kifa fuska a kusurwar gabas har yanzu akwai ƙanshin turarensa. Ba wai ina yi ba. Ji na yi.

Talata, 4 ga Sha'aban

Na zuba wa Datti gishiri a gwangwanin sukari. Direbobi uku sun tofar. Ya bi ni da ludayi har gindin darbejiya. In Yaya ne da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ja min kunne. Yau ba wanda ya ja.

Laraba, 5 ga Sha'aban

Innalillahi. Wata akori-kura ta fasa taya biyu ban taso ba sai dab da magariba. Ina buɗe ƙofa zarni ya tare ni. A tsakiyar kafet, faɗin faranti, har ya fara bushewa.

Na ce, "Duna, kana da abin cewa kafin kotu ta yanke?" Ya sa kai tsakanin ƙafafu. Jikin ƙofar duk sawun farce, ya daɗe yana neman fita. Na kasa dukansa.

Na tsane da tsumma, na goga da omo, na sato turaren wutar Inna na banka. Yanzu wari biyu ne a ɗakin, suna zaman lafiya da juna.

Juma'a, 7 ga Sha'aban

Muna dawowa daga masallaci Baba ya ce Alaramman Mainika da zai ja masa baƙi a tafsirin bana a shago zai sauka. Wai ɗakin da shimfiɗa mai kyau, ko nafila ya yi a kai. Ya ce in share, in kai masa mukulli kafin a ga wata.

Na ce to. Me zan ce?

In na yi shiru, mahaddacin Alƙur'ani zai sa goshi a fitsarin kare wata guda, a wuyana. In na faɗa, Duna ya tafi.

Lahadi, 9 ga Sha'aban

Ya ƙara. Wuri ɗaya kuma, kamar an auna masa. Na bar masa ruwa kaɗan don kada ya ji fitsari, na dawo na tarar harshe a waje, ya fi ba ni tausayi. Toka na gwada yau.

Ummu Hani ta wuce ta ƙofar ta toshe hanci. "Yaya, akuya ce ta mutu a ciki?" Na ce aljani ne ya tare, yana tambayar 'yan mata masu surutu. Ta ce aljanin ya iya haushi kuwa. Alawar madara biyu ta ci kafin ta rantse.

Litinin, 10 ga Sha'aban

Wani mutum ya sauka daga motar Gwarzo da irin tafiyar Yaya, kafaɗa ɗaya a karkace. Sai da na kai bakin titi da tiyub a hannu. Ɗan Dugabau ne mai sayar da albasa.

Alhamis, 13 ga Sha'aban

Baba ya tafi gaisuwar mutuwa Gwarzo. Na tuna a makarantar allo an taɓa ce mana najasar kare wanki bakwai ce, ɗaya da ƙasa. Na ce shi ke nan, ashe maganin yana kaina. Na naɗe kafet na ja shi bayan gida, na ɗebo jar ƙasa kwano huɗu a ramin gini, na kwaɓa, na shafe shi tas, na hau da ƙafa ina tattakawa ina ƙirga. Guga bakwai na zuba. Kafet ya zama kunun kanwa. Koren ya tafi, zarnin yana nan, ya ma samu gida.

Ina tsaye cikin taɓo har gwiwa sai ga Inna ta zo ɗibar kara. Ta dubi kafet, ta dubi Duna, ta dube ni. Ita ba ta faɗar sunan Yaya, ɗan fari ne, ko ran da ya tafi ba ta fito rakiya ba, tana ta tankaɗe. Sai ta ce, "Na wancan ne?"

Na ce eh.

Ta tsuguna ta kama gefen da ƙasa ba ta taɓa ba, ta daɗe tana murza shi a yatsu. Ta ce, "Ba a yi maka wayo ba kai kam." Ta ɗauki karanta ta shige.

Juma'a, 14 ga Sha'aban

Ba abin da za a ɓoye, kafet a kan katanga kamar fatar layya. Bayan hantsi Baba ya kira ni zaure. Na durƙusa na faɗi komai.

Ya ce, "Ƙasar fa ta mece ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wanki bakwai."

Ya juya kai gefe, na ga gemunsa yana rawa. Ya ce, "Wannan hukuncin ƙwarya ne in kare ya sa baki. Ko ita ma mu a Malikiyya ba ma sa ƙasa. Fitsari ruwa ake zuba masa har launi da wari su gushe. Shekara nawa ka yi a gabana?" Na ce tara. Ya ce, "An yi asarar tawada."

Na fara murmushi, sai gemun ya daina rawa. Ya tambayi kwana nawa nake kulle Duna. Na ce sha biyu. Daga yaushe zuwa yaushe? Na faɗa. Ya ce, "Dabbar da ba ta da bakin roƙo ka rufe yini guda, ka rage mata ruwa. Wannan ne abin da za a tambaye ka, ba kafet ba." Wallahi na ɗauka a kan mala'iku da ɗaki zai yi faɗa.

Ya ce a kai shi gonar Kawu Lukuman a Dugabau, gadin gona halal ne, ba mai ba shi guba a can. Na ce, "Baba, amana ce. Cewa Yaya ya yi har ya dawo."

Ya ɗauki carbinsa. Ya ce, "Kana tsammani kai kaɗai kake jiransa a gidan nan?"

Ya ba ni zuwa ganin wata.

Litinin, 17 ga Sha'aban

Kwana uku ni da Inna. Ni ina jan guga, ita tana nuna min. A zuba ruwa a tura shi gefe da tsintsiyar kwakwa, kada a goga, gogawa ce ke cusa shi ciki. Da ƙasar ta fita ta jiƙa kanwa ta zuba a wurin, aka bar shi ya sha, aka ɗauraye, ta bi da ruwan lemon tsami. Ta ce a kifa shi a rana, ta baya ma, don a can warin yake kwana.

Ba ta yi maganar Yaya ba ko sau ɗaya. Amma ta ƙi bari Ummu Hani ta taya mu.

Laraba, 19 ga Sha'aban

Ya bushe. Koren ya dawo, ya ɗan koɗe. Na shimfiɗa, na bi shi da hanci kusurwa zuwa kusurwa. Ba zarni ko kaɗan.

Ba komai ma. Ƙanshin rana kawai da kanwa. Na daɗe a kusurwar gabas.

Asabar, 22 ga Sha'aban

Da Duna nake zuwa faci yanzu, ina ɗaure shi a gindin darbejiya. Masu zuwa salla suna kewaye mu kamar rijiya. Datti ya ce zai kai ni ƙara, sai na gan shi yana jefa masa gefen burodi.

Asabar, 29 ga Sha'aban

Na kai wa Baba mukulli da safe. Na hau keke, Duna yana bi a guje, har Dugabau bai gaji ba. An gama yankan dawa, gona fayau. Ina kwance igiya ya zabura bayan wani zomo, ya yi nisa har ya zama ɗigo. Na manta yana da gudu haka.

Kawu ya tambayi mutan gida, ya tambayi ko an ji labari. Na ce ana dai addu'a. Ya karɓi igiyar yana naɗewa a hannu, ya ce, "Har zuwa yaushe zan riƙe maka shi?"

Na buɗe baki da amsar da na saba. Sai na ji na ce, "Riƙe shi kawai, Kawu."

Ban jira Duna ya dawo daga farautarsa ba. A hanya taya ta yi faci, ni mai faci, ba kayan aiki, na turo keke har gida. Ƙila shi ya sa idona ya yi ja, rana ce.

Ummu Hani, na san kina karantawa, na ga manja a shafi na uku. Ba bulala. Babu wani Alƙalin Alƙalai, Tasi'u ne mai faci na tashar Kabo, ɗan Malam, wanda ya yi wa kafet wankan taɓo. Kar ki nuna wa Inna shafin yau.